Ido da Rumbu: Tarihin Agazar Yara a Garuruwanmu Tun Daga Kakalaba

 

Tsofaffinmu ba su ƙidayar shekaru da lamba. In ka tambayi tsohuwa yaushe aka haife ta, sai ta ce maka shekara biyu bayan yunwa kaza, ko kuwa shekarar da fara ta sauka. Mu da muka shiga lakkol an koya mana tarihi da Faransanci, sunayen sarakuna da ranakun yaƙi, amma ba a cika gaya mana yadda gidan talaka ke fita daga baƙar shekara da yaransa a raye ba. Wannan tarihin ne muke so mu ɗan tona. Abin da muka lura da shi kuwa, a kowane zamani abu biyu ne ke tsaron ƙaramin yaro: rumbun da za a ɗebo a ba shi, da idon da zai gan shi tun bai kai ga kwanciya ba. Rumbu kowa na maganarsa. Ido ne ba a cika tunawa da shi ba.

Mu fara da gandu, tun da daga nan kowa ya fito. A zamanin kakanninmu, uba da ƙannensa da 'ya'yansa da matansu duka gida guda ne, gona guda suke noma a ƙarƙashin maigida. Kowane magidanci da kowace mace na da gamana ta kansa, wadda yake nomawa a ranakun da ba na gandu ba. In an yi girbi, hatsin gandu ya shiga babban rumbu, maigida ya rufe. Ba ya buɗewa sai ruwa ya sauka an fara shuka, lokacin da aiki ya yi nauyi hatsi kuma ya yi wuya. Cikin rani ana cin abin gamana da abin da sana'a ta kawo. Mai hali yana da rumbun tsimi a gefe, wanda ko da damana ba a taɓa shi, hatsin shekara biyu ko uku a zangarniyarsa, don ya fi jure ajiya a haka. Bayan wannan ga zakka, dami ɗaya cikin goma, ga zakkar kono a ƙarshen azumi, ga gayya da samari ke yi wa gonar wanda ciwo ya kayar a tsakiyar noma.

Wannan shi ne rumbu. Ido kuwa a hannun mata yake. Ku tuna da ciyayya: mace ta gama tuwo ta zuba a akushi ta aika wa ƙawarta ko maƙwabciyarta, gobe ita ma a aiko mata. Yarinyar da aka aika ba tuwo kaɗai take kaiwa ba. Tana shiga har tsakar gida, ta ga ko an hura wuta, ta ga yaron da jiya ke rarrafe yau yana kwance, ta komo ta faɗa wa uwarta ba tare da an tambaye ta ba. A garin da darni ne kurum ya raba gida da gida, turmin da ya yi shiru kwana biyu ba ya ɓoyuwa. Magidanci na iya fita bakin masallaci da rigarsa wankakkiya ya ce lafiya lau, amma matan unguwa sun rigaya sun san hayaƙi bai tashi a gidansa ba. Sai ka ga ƙwaryar hatsi ta shiga da dare, ba wanda ya ce an bayar, ba wanda ya ce ya karɓa.

Jinjiri ma da nasa masu gadi. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Kwana arba'in na wankan jego akwai tsohuwa a kanta, ana dama mata kunun kanwa, ana hana ta aiki, ungozoma na zuwa tana duba cibiya. In lokacin yaye ya yi, a kai yaro wurin kakarsa. In uwa ta rasu, ko aure ya mutu, ko gida ya yi nauyi, gwaggo ko inna ta ɗauki yaro riƙo. Ba wanda ya kira wannan aikin agaji. Zumunci ne kawai.

Amma kada daɗin baki ya ɗauke mu mu ce zamanin da ba shi da aibi. Tsofaffin nan masu gadin jinjiri su ne kuma ke matse dakashi su zubar, wai ƙazanta ne, alhali yau an tabbatar shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro. Yaye na dare ɗaya ne: jiya yana shan nono, yau an shafa wa nonon ɗaci an kai shi wani gida, sai fura da tuwon manya. In kuwa uwa ta yi kwanika, a cire shi tun bai isa ba, don tsoron nonon ciki. Ɗan riƙo kuma, mun sani, ba kowane gida ne yake ci tare da 'ya'yan gida ba. Abin da ya fi duka, wannan tsari yana aiki ne in gida ɗaya ya gaza cikin goma. In goman suka gaza tare fa?

Abin da ya faru ke nan a Kakalaba. Damanar 1913 ta ƙi, daga ƙasar Adar har Damagaram har cikin ƙasar Kano, aka shiga 1914 rumbuna wayam. Mutane suka koma ga anza, wadda sai an jiƙa 'ya'yanta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Aka ci ƙarangiya, aka tona gidajen tururuwa don ƙwayar da suka tara. Garuruwa suka watse, jama'a ta nufi kudu. Labarin da ya iso mana daga bakin tsofaffi shi ne, uwa kan bar ɗanta a ƙofar wanda take zaton zai iya ciyar da shi, ta wuce ba ta waiwaya ba, wasu kuma suka ba da 'ya'yansu jingina a kan 'yan tiyoyin hatsi. A lokacin Nasara ya rigaya ya zauna, tun 1911 Damagaram ce hedikwatarsa, kuma yunwa ba ta hana shi karɓar lanho ba.

A 1931 fara da fari suka sake kawo wata, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasa, wajen Zabarmawa. Lanho da aikin tilas suka ƙara mata nauyi, har maganar ta kai Faransa. Bayanta ne Nasara ya tsananta dokar rumbunan ajiya: kowane magidanci sai ya zuba hatsi gwargwadon yawan iyalinsa a rumbun da ba shi da ikon buɗewa sai da izinin kwamanda. A takarda dabara ce mai kyau, kusan rumbun tsimin kakanninmu ne aka mayar doka. A ƙasa kuwa ta zama azaba. Wanda bai noma abin da zai ci ba sai ya ci bashi ya cika rabonsa, don tsoron bulalar gardi. Hatsi ya daɗe ya lalace, wani ya salwanta a hannun masu tsaro. Ranar da yaro ke kuka a gida, mai ikon buɗewa yana bariki, tafiyar kwana biyu, bai san sunan garin ba balle na yaron. An gina rumbu, an bar shi ba ido. Shi ya sa da siyasa ta zo bayan 1946, shekarar da aka soke aikin tilas, rushe waɗannan rumbuna na cikin abin da talakawa suka fi nema.

Sai gujiya ta zo da kuɗi. Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai suka cika da masu awo, a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayenta. Lanho da kuɗi ake biya, aure da kuɗi, tufafi da kuɗi. Saurayi ya ga in ya noma gamanarsa ko ya tafi cin rani kuɗin nasa ne, in ya yi wa gandu aiki na maigida ne. A hankali manyan gidaje suka rarrabu, kowa ya ja darninsa. Rumbun tsimi ya zama labari. Talaka ya shiga sayar da hatsi da kaka yana araha don ya biya bashi, ya komo ya saye shi da damana yana tsada, da wani sabon bashin. Gona kuma ba ta ƙaruwa, mutane na ƙaruwa: lokacin samun mulkin kai a 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne, ƙidayar 2012 ta iske miliyan 17. Tsohuwar al'adar rufe rumbu da rani ba ta mutu ba, sai dai ta sauya fuska. Maigida ya rufe ɗan abin da ya samu ya tafi biɗa, ya bar mace da yara da 'yar gamanar da ba ta kai ta kawo ba. Nauyin ciyar da ƙananan yara na watanni da yawa ya koma kan wadda ta fi kowa ƙarancin gona.

Gaskiya a faɗe ta, gwamnatin Diori Hamani ce ta fara gwada dasa ido a cikin ƙauye. A shekarun 1960 ma'aikatan animasiyo suka shiga garuruwa, kuma jihar Maraɗi na cikin wuraren da abin ya fara kama ƙasa. Gari ya taru ya zaɓi mutum ɗaya ko biyu, a kai su horo na 'yan kwanaki, su komo da akwatin magani: nivakin don masassara, aspirin, maganin ciwon ido, jan magani na miki. Ungozomomi ma aka kira su, aka koya musu wanke hannu da sabulu, da yanke cibiya da sabuwar reza, da gane haihuwar da ta fi ƙarfinsu don a ɗauki mace zuwa likita tun da wuri. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, don ba baƙo aka kawo ba, tsohuwar da kowa ya yarda ta shiga ɗakinsa ita aka ƙara wa sani. Abin da ya raunana ta shi ne ba albashi, akwati kuma in ya ƙare ba kullum ake samun mai cika shi ba. Gidajen awon yara na PMI kuwa a birane suke. Macen ƙauye ba ta barin daka da ɗiban ruwa ta yi tafiyar yini don a auna yaron da a ganinta lafiyarsa lau.

Farin da ya soma tun 1968 ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka mutu, Buzaye da Fulani suka gangaro kudu, aka tara dubbai a sansanoni irin na Lazare a bakin Yamai, inda ƙyanda da zawo suka yi ta ɗaukar yara. Taimako ya zo daga waje, har da jar dawar Amurka da iyayenmu ba su manta ba, amma ya zo a makare, wani kuma ya ɓace a hanya duk da akwai OPVN tun 1970. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori, kuma maganar hatsin taimako na cikin manyan dalilan da Seyni Kountché ya bayar. Motocin soja suka shiga kai hatsi ƙauyuka, aka farfaɗo da samariya. Shekara goma bayan nan, 1984, damana ta sake ƙi, a daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Nijeriya. Hanyar da talakanmu ya saba bi in gida ya yi zafi ta toshe, shi ya sa mutane suka raɗa wa wannan yunwa El Buhari. A wannan karon gwamnati ta tura jama'a fadamu da bakin rijiyoyi don noman rani, kuma lambuna da yawa da muke gani yau daga nan suka samo asali.

Ba mu raina wannan aiki ba, ya ceci rayuka. Sai dai duk lissafin zamanin na buhu ne da tan: gari kaza ya rasa kaza, a kai masa kaza. A 1989 aka kafa ofishin gargaɗi tun da wuri, mai bin sawun ruwan sama da amfanin gona da farashin kasuwa. Ido ne, amma gona yake kallo, ba damtsen yaro ba. A shekarar da aka ce an yi albarka ma yara na mutuwa, ba mai ƙidaya su, don ba a kira ta shekarar yunwa ba. Babban binciken lafiya na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 318 ba su kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Duk wadda ta haihu a wancan zamani ba ta bukatar a karanta mata wannan lamba. Sannan a cikin shekarun 1990 aka shigo da biyan kuɗin magani a gidajen likita. Uwa ta ga jikin yaro da zafi, ba ta da ko dala, mijinta na Kurmi, sai ta ce bari mu gani zuwa gobe, ta sayi ƙwaya biyu wurin mai tebur. Kwana ukun nan na bari mu gani sun cika kushewa fiye da fara.

Cikin wannan hali ne mata suka buɗe wata ƙofa. A 1991, a jihar Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE, aka fara Mata Masu Dubara. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka yanka a akwatin ƙarfe, mai bukata ta ranta ta maido da ɗan ƙari, a ware wani abu don ciwo da haihuwa. Ɗiyar adashi ce, ba baƙuwa ba. Daga nan dabarar ta bazu har ƙasashen Afirka da dama. Abin da ya fi burge mu a ciki ba kuɗin ba ne. Mata ashirin ko talatin da ke zama tabarma ɗaya kowane mako, kowa da goyonta, ba yadda za a yi ɗan wata ya rame sauran ba su gani ba.

Yanzu mu zo ga 2005, wadda mu ma mun gani da idonmu muna 'yan lakkol. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta taɓa arewa. Gwamnati ta ce giɓin hatsi ya kai wajen tan dubu 223, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na cimakar ƙasa ba. Da lissafin buhu kaɗai, ba shekarar da za ta shiga tarihi ba ce. Amma farashi ya haukace. Hatsi na bin kuɗi zuwa Nijeriya, buhun da gwamnati ke sayarwa jika goma da sunan rangwame ya kai jika talatin a wasu kasuwanni, kuma mai jika goman ma sai an tona. Hatsi na nan jibge a kasuwar Maraɗi, kuɗin saye ne babu. Mutane suka koma ga anza da jiga da tafasa kamar kakanninsu. Rabon kyauta bai kankama ba sai wajen watan Agusta, bayan hotunan yaranmu sun zagaya duniya. A cikin watan nan Kofi Annan ya zo Damagaram, a cikinsa kuma shugaba Tandja Mamadou ya ce wa 'yan jarida ba yunwa a Nijar.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe game da shekarar nan. Likitocin MSF, waɗanda ke Maraɗi tun 2001, sun yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar cikin 2005. Mafi yawansu ba daga arewa mai fari suka fito ba. Daga kudancin Maraɗi suka fito, Madarunfa da Gidan Rumji da maƙwabtansu, wato inda ake kira rumbun ƙasa, inda masu lissafin gona ba su sa jan alli ba. Kuma kusan dukansu 'yan ƙasa da shekara uku ne, 'yan yaye da masu shirin yaye. Ashe tamowa ba baƙuwar baƙar shekara ba ce, 'yar gida ce, kowace damana tana nan. Yaro ɗan wata goma cikinsa ƙarami ne, fura mai ruwa ba ta ba shi abin da jikinsa ke nema, masassara ko zawo su kayar da shi, ya ƙi cin abinci, ya rame, ramar ta sake jawo wani ciwon. A 2005 abin ya yi yawa ne har ya kasa ɓoyuwa.

A shekarar ne kuma aka ga amfanin ɗan ƙunshin nan Plumpy'Nut, wanda mata ke ce wa biskit. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma ba wani abin mamaki ba ne a ciki: gujiya ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Gujiyar da ta taimaka wajen raba gandu ita ce ta komo a leda tana ceton jikokinsa. Ba a dafa shi, ba a haɗa shi da ruwa, saboda haka ba sai an kwantar da kowane yaro ba. Uwa ta karɓi na mako guda ta koma gida, sai wanda ciwo ya haɗe masa ko ya daina cin abinci ne ake kwantarwa a CRENI. Mun san an yi ta surutu a kansa: wai ana sayar da shi a kasuwa, wai manya na lasa, wai wasu mata na murna in ɗansu ya shiga lissafi. Wani abin gaskiya ne. Amma wanda ke da yara biyar da tukunya wayam, ba shi da wuyar ganewa in ƙunshin ɗaya ya zagaya bakuna uku.

Bayan 2005 abubuwa sun sauya da sauri. A 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, ko da yake gwamnati ta riƙa jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu har magani ya riƙa yankewa. Ƙananan ɗakunan likita na ƙauye da aka fara ginawa tun 2001 suka matso da ma'aikacin lafiya kusa. A 2010 da wata yunwar ta taso, gwamnatin soja ta Salou Djibo ba ta ɓoye ba, ta faɗa tun da wuri, taimako ya zo kafin abin ya ɓaci. Daga 2011 aka kafa shirin ba gidaje marasa ƙarfi jika goma kowane wata har shekara biyu, kuma a hannun mace ake sa kuɗin. Daga 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin masassara wata wata cikin damana. Binciken 2006 ya iske mutuwar yara ta sauko zuwa 198 cikin 1000, na 2012 ya iske 127. Har yanzu da yawa, amma ba a taɓa ganin saukowa irin wannan a tarihinmu ba.

Cikin duka dabarun nan, wadda ta fi kama da ta kakanninmu ita ce mafi araha. Wani ɗan zare ne na roba mai launi uku, ana naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. In ya tsaya a kore, wato ya wuce santimita 12 da rabi, lafiya. In rawaya ne, yaro ya fara gangarawa. In ja ne, ƙasa da santimita 11 da rabi, a tafi likita yau ba gobe ba. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburi ba ƙiba ba ce, shi ma a tafi. Da can ma'aikata kaɗai ke riƙe zaren. Tsakanin 2011 da 2014, a ƙasar Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada ba uwaye shi a hannu. Aka iske macen da ba ta taɓa shiga lakkol ba tana aunawa daidai kamar ma'aikaci, kuma yaran da uwayensu suka gano sun fi isowa da wuri, waɗanda sai an kwantar ba su da yawa. Ba abin mamaki ba ne. Ma'aikaci wata wata yake zuwa, uwa kuwa kullum tana wanke wannan damtsen.

Mu malaman lakkol a makare muke ganin sakamako. Yaro na zuwa hannunmu yana ɗan shekara shida ko bakwai, alhali likitoci sun ce kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne ke gina jiki da ƙwaƙwalwa, abin da aka rasa a nan da wuya ya komo duka. Binciken 2012 ya iske fiye da yara 4 cikin 10 ba su kai tsawon shekarunsu ba. Muna ganinsu a aji, muna ta maimaita musu baƙi ɗaya. Wani abin kuma da muke gani: in yarinya mai ƙoƙari ta ɗauke ƙafa mako guda a watan Mayu, sau da yawa ba ita ce ba lafiya ba, ƙanenta ne, an bar mata gida.

To, ina mu 'yan waje a cikin wannan tarihi? Rumbun tsimin garinmu yau a aljihunmu yake, a Yamai da Legas da Abijan. Kuɗi na isa gida cikin awa ɗaya. Amma ku duba lokacin da muke aikawa: salla, biki, rasuwa. Ku duba kuma wanda muke kira. Muna kiran baba ko yaya, mu ce ina gida, ya ce lafiya lau sai godiya, don namiji ba ya faɗa wa ƙanensa ta waya cewa turminsa ya yi shiru. Ba ƙarya ya yi ba, kunya ce, kuma wataƙila shi kansa bai duba damtsen ɗan autansa ba. Asusun ƙungiyarmu bai taɓa gazawa wajen likkafani da sadakar uku ba, Allah ya saka wa masu zubi. Sai dai likkafanin yaro shi ne taimakon da ya fi kowane zuwa a makare.

Watannin da yara ke faɗuwa sanannu ne, daga saukar ruwa zuwa fitar sabon hatsi, Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa, uwa kuma tana gona tun safe. Ana iya shirya musu tun kaka, a sayi hatsi da wake suna araha a ajiye. Kowace unguwa tana da tsohuwar da ba a yi mata sallama sau biyu, ungozoma ko shugabar asusun mata. Ita ya kamata ta riƙe zaren awo da lambar wayar ma'ajinmu, ita kuma za mu riƙa kira, ba mazan bakin masallaci kaɗai ba. Abin da za ta nema a wurinmu ba mai yawa ba ne: kuɗin amalanke ko babur zuwa gidan likita, da 'yan tiyoyi ga gidan da ta nuna, a kai da dare kamar yadda aka saba. In kuma likita ya ce sai an kwantar da yaro, dattawa sun san dalilin da ke sa uwa ta ƙi, ko ta gudo kafin a sallame ta: gamanarta na jiran noma na biyu, ga wasu yara uku a gida ba mai dafa musu. Wannan ba aikin kuɗinmu ba ne, aikin waɗanda ke gida ne. Samari su yi wa gonar gayya safiya ɗaya, maƙwabta su karɓi tukunyar bi da bi har ta komo.